Ruwan Gilashin Motar Baba

"Sake ja."

"Na ja."

"A'a, ki ja ki riƙe, kada ki saki sai na ce."

"Farfesa, wannan ne na goma sha ɗaya. In na ƙara ƙarfi, sandar nan a hannuna za ta fito."

Auta ta saki sandar da ke gefen sitiyari. Waifa biyun suka yi shara uku a kan busasshen gilashi da wata ƙara mai tayar da tsikar jiki, sannan suka koma suka kwanta kamar sun yi wani abin kirki. Ruwa kuwa ko ɗigo bai fito ba. Ta kifa goshinta a kan sitiyarin, ta ja dogon tsaki.

Mijinta ya ɗago kai daga cikin bonet. Ba malamin jami'a ba ne, mai harhaɗa magunguna ne a asibiti. Amma tun ranar da ya zauna ya karanta takardar bayanin tukunyar lantarki daga farko har ƙarshe kafin ya yarda a jona ta, 'yan gidansu Auta suka laƙaba masa Farfesa, sunan kuma ya bi shi. Yau ma wayar hannunsa na jingine da batir, wani mutum mai manyan yatsu yana ta zuba bayani a bidiyo.

Ya ce bai ji motsin famfon ba. A ƙa'ida, in an ja sandar, ya kamata a ji ɗan ruri daga gindin tankin ruwa. In an ji ruri babu ruwa, toshewa ce. In ba a ji komai ba, to ko wuta ce ba ta zuwa, ko famfon ne ya mutu. Auta ta ce masa ba lacca ta zo saurara ba, ruwa take so ta gani a gilashin nan kafin ƙarfe huɗu.

Ƙarfe huɗu ofishin gwajin motoci ke rufe ƙofa. Jiya ta kai jif ɗin can ita kaɗai. Jami'in ya duba birki, ya duba fitilu da tayoyi da hayaƙi, tsohuwar motar ta haye duka ba ko tari. Har Auta ta fara murmushi, sai ya zagayo gaban motar, ya rungume allon takardunsa ya ce ta fesa ruwa. Ta ja sanda. Waifa suka share iska. Ya yi alama guda da jan biro, ya ce ya ba ta zuwa gobe ƙarfe huɗu, in ta wuce haka sai ta nemi sabuwar rana, layin kuma mako uku ne.

Mako ukun nan ne ba ta da su. Motar Baba ce, wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma tun lokacin take lulluɓe da tamfol a filin bayan gida, kusa da tagar kicin. Yaya, babban wansu, ya gaji da ganinta. Ya ce ƙarfe ne kawai yake ruɓewa, ɓeraye na haihuwa a ciki, kuma duk sanda Mama ta hango tamfol ɗin sai ta yi wuni ba ta ci abinci ba. Ya samo dillali. Auta ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga kiransa, sannan ya ba ta sharaɗi: in ta samo wa motar takardar lafiya kafin dillalin ya zo, ta ɗauke ta ta tafi da ita gidanta. In ba ta samo ba, kada ya sake jin bakinta. Dillalin kuwa yau ƙarfe biyar zai zo da motar ja.

Akwai sharaɗi na biyu, wanda dukansu suka yarda da shi ba musu: kada a yi wa Mama maganar motar. Sau ɗaya aka taɓa tayar da zancen a gabanta, ta ce su yi yadda suka ga dama, ta tashi ta shige ɗaki. Tun rasuwar ba ta taka ƙofar gida ba, ko asibiti sai dai likita ya zo. Shi ya sa yau Auta da mijinta suka shigo ta ƙofar baya, suna magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi, ko Mama ba su shiga sun gaisar ba tukuna.

Suka fara daga abu mai sauƙi. Tankin cike yake, Auta da kanta ta cika shi jiya. Farfesa ya roƙi allurar da ke maƙale da mayafinta, ya tsokane ramukan feshin nan biyu da ke kan bonet, ya hura su da baki har kumatunsa suka kumbura. Ya zare tiyo, ya hura, iska ta wuce sumul. Suka koma kan fis. Murfin akwatin fis ɗin ya koɗe, rubutun ya goge, don haka ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama yana leƙawa kamar mai duba ƙwai. A na bakwai rediyon motar ya mutu. A na tara ham ya kwarma ihu ba wanda ya taɓa shi, su biyun suka daskare, idanunsu a kan tagar kicin. Labulen bai motsa ba.

"Duk lafiyarsu ƙalau," in ji shi.

"To me ya rage?"

"Famfo. Na tabbata famfo ne."

Don a kai ga famfon sai an kwance robar da ke cikin kumatun taya. Kusoshin sun yi tsatsa, biyu suka karye. Farfesa ya kwanta a ƙasa da rigarsa mai kyau, ya cusa hannu har kafaɗa, ya murɗa, ya fizgo. Abin da mai bidiyon bai faɗa ba shi ne a fara juye tankin. Ruwan nan gaba ɗaya ya biyo hannun rigarsa, ya gangara hamata, ya cika masa kunne. Ya fito yana tofarwa, famfon a hannunsa, ɗan baƙin abu da bai kai kwalbar turare ba. Auta ta so ta yi dariya, amma ta dubi agogo, sha ɗaya saura, dariyar ta koma.

Ita ta je layin masu kayan gyara da ƙaramar motarsu. Shago na farko suka ce an daina yin irinsa tun kafin a yaye ta. Na biyu suka ce ta dawo jibi. A na huɗu, wani dattijo mai tabarau a kan hanci ya jujjuya famfon, ya tambaye ta ko motar gado ce, don ba mai neman irin wannan sai wanda ya kasa rabuwa. Ya shige can ƙuryar shagon, ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wani mai kama da shi, ya ce bakin ya ɗan fi faɗi amma in an naɗa roba zai zauna.

A hanyar dawowa ta makale a cunkoso bayan wata motar yashi da ke yoyon ruwan laka. Lakar ta fallatso mata gilashi. Ta ja sandar ƙaramar motar ba tare da tunani ba, ruwa ya feso, waifa suka share, duniya ta koma fes. Abu ne da ta yi sau dubu ba ta taɓa lura ba. Sai kawai ta ji hawaye. Ta tuna kanta tana 'yar shekara tara a kujerar baya, a bayan Baba, haɓarta a kan kafaɗar kujerarsa, suna dawowa daga ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa na awon filaye. Ƙwari na fashewa a gilashi, ya ja sanda, ruwa ya tashi kamar fukafukai biyu, ita kuma ta yi tafi. Mama na gefensa kullum, jakarta a cinya, ba ta cika magana ba. Auta ba ta iya tuna tafiya ko ɗaya mai nisa da Baba ya yi ba tare da Mama a wannan kujerar ba.

Ƙarfe ɗaya da kwata sabon famfo ya zauna. Suka sake cika tanki da bokiti. Auta ta shiga, ta murɗa makulli, ta yi addu'a a zuciyarta, ta ja.

Waifa suka yi shararsu uku a bushe.

Farfesa ya dubi sabon famfon. Sannan ya ɗauki tsohon famfon daga ƙasa, ya samo guntayen wayoyi biyu, ya taɓa su a kan batir. Ɗan abin ya yi ruri a tafin hannunsa, lafiyayye, har yana tsalle.

Auta ta fito daga motar a hankali. Ta ce, wato awa biyu ta yi tana yawo a rana tana neman magani ga wanda ba shi da ciwo. Ta ce ashe gwajin da zai yi cikin minti ɗaya bai yi ba sai da ya aike ta. Ta ce da ma tun safe ta ce a kira mai gyaran wuta ya ce shi zai iya. Muryarta na ƙasa saboda tagar kicin, amma kowace kalma da kaifinta take fitowa. Daga ƙarshe ta faɗi wadda ba ta yi niyya ba.

"Ai ba motar ubanka ba ce, shi ya sa kake koyon aiki a kanta."

Bai ɗago ba. Ya ajiye famfon a kan bonet, ya goge hannunsa a wando, wanda dama ya riga ya lalace.

"Wata biyar na san shi," ya ce. "Uku a ciki yana kwance. Ranar da ya ba ni ke, ya ce in kula da abin da kike so ko da ban gane dalilin ba. Ban taɓa yi masa komai ba, Auta. Ko ruwa ban taɓa miƙa masa ba sai a asibiti. Na so a ce ni na gyara."

Ta tsaya tana kallon kunnensa, inda baƙin mai ya shafa, da ɗan yankan da ke bayan hannunsa wanda bai ko ambata ba. Ta so ta ba shi haƙuri. Sai ta zaro hankici daga jaka, ta kama hannun ta ɗaure yankan, ta ƙulle da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya ce kash. Ta ce ya yi shiru ya kira mai gyaran wutar.

Mai gyaran wutar ya ɗaga a kira na huɗu. Yana can bayan gari a ƙarƙashin wata babbar mota, ya ce ko da fukafuki gare shi ba zai iso kafin magariba ba. Amma ya ce tunda famfo na da rai, fis na da rai, to wuta ce ba ta isowa, su bi wayar daga famfon su ga inda ta nufa.

Suka bi. A nan ne abin ya ƙara rikicewa. Wayar asali ta motar, siririya mai ratsin shuɗi, an yanke ta tun tuni, an naɗe bakinta da baƙin salatif da ya bushe ya zama kamar dutse. A madadinta an murɗa wata farar waya mai kauri, irin ta cikin gida, wadda ake ja wa fitilar gefen gado. Ta bi gefen injin, an ɗaure ta da zaren takalmi a wuri biyu, ta shige wani rami ta ɓace cikin motar ta ɓangaren fasinja.

Auta ta gane hannun nan take. Baba mutum ne da bai yarda da bakanike ba, kuma bai yarda a zubar da komai ba. Mariƙin tsohuwar tukunya ya zama mariƙin ƙofar banɗaki. Bel ɗin wandonsa ya taɓa riƙe ƙofar firji shekara uku. Har ƙararrawar ƙofar gida ya taɓa kwancewa da sunan zai gyara, bai mayar ba har ya bar duniya. Wannan zaren takalmin sa hannunsa ne.

Farfesa ya leƙa ƙarƙashin akwatin gaba da fitilar wayarsa. Farar wayar ta fito daga ramin ta nutse ƙarƙashin kafet, kafet ɗin kuma an liƙe shi da gam, kujera ta danne. A cire kujera aiki ne na awa guda, kusoshinta sun fi na ɗazu tsatsa. Ya ce a ganinsa wani gyaran wucin gadi ne da ya lalace. Mafita ita ce a yanke farar, a mayar da ta asali mai ratsin shuɗi, a bar sanda ta yi aikinta.

Suna cikin haka aka buga ƙofar baya da tafin hannu, bugu uku masu nauyi. Yaya ne. Ya shigo da farar rigarsa mai guga, makullai na kaɗawa a yatsa, yana mitar da ya saba, cewa gida kamar wannan a ce sai mutum ya fasa hannu kafin a buɗe masa. Ya tsaya ya ƙare musu kallo: bokiti a kife, kusoshi a warwatse, surukinsa kamar an tsamo shi daga kwata.

Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba Auta haushi ke nan. Cikin lallashi ya ce mata uku saura kwata, daga nan zuwa ofishin rabin awa ne in hanya ta yi kyau. Ya ce ta yi iya ƙoƙarinta, kowa ya gani. Ya ce shi ma ubansa ne, shi ma a motar nan ya koyi tuƙi, amma Baba ba ya cikin ƙarfe. Ya ce ta tausaya wa Mama.

"Ba huɗu ta yi ba tukuna," in ji Auta.

"Auta, ki bari mana."

"Farfesa, yanke ta."

Farfesa ya ɗauko filaya. Ya kama farar wayar a daidai inda zaren takalmin ya riƙe ta, ya saita bakin filayar.

"Kada ka yanke."

Su ukun suka juya. Mama ce tsaye a ƙofar kicin, hannunta ɗaya a jikin ƙyaure. Ta rame, zanen jikinta ya yi mata yawa, ƙafarta ba takalmi. Hasken rana ya sa ta runtse ido kamar wadda ta daɗe ba ta gan shi ba, kuma haka ne. Yaya ya yi saurin nufarta yana cewa ta koma ciki, ba komai ba ne, yanzu za a kawar da motar. Ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Tun ƙarfe tara nake kallonku ta labule," ta ce. "Kun tambayi mai bidiyo, kun tambayi mai shago, kun tambayi wanda ke bayan gari. Ni da ke taku goma daga nan, ko gaisuwa ban samu ba."

Farfesa ya sauke filayar, ya ɓoye ta a bayansa kamar yaro.

Mama ta tako a hankali a kan simintin mai zafi. Ta tsaya a ƙofar fasinja, ta daɗe hannunta na kan mariƙin. Auta ta matsa za ta riƙe ta, amma Mama ta riga ta buɗe. Ta hau, ta zauna, kujerar ta karɓe ta da ɗan kuka irin na tsohuwar fata, ramin da jikinta ya yi a ciki shekara da shekaru yana nan bai cike ba. Ta ce wa surukinta ya rufe bonet. Ta ce wa Auta ta shiga ta murɗa makulli.

"Ja sandar."

"Mama, tun safe nake..."

"Na ce ki ja."

Auta ta ja. A gefen idonta ta ga hannun Mama ya sauka tsakanin kujera da ƙofa, can ƙasa, inda hannun mai zaune yake faɗawa da kansa. Wani ɗan ruri ya taso daga gaban motar. Ruwa ya feso. Ramin feshi ɗaya ya wanke gilashi, waifa suka bi shi sumul ba ƙara. Ɗayan kuwa, wanda allurar Farfesa ta karkatar da safe, ya harba gefe, ya sami Yaya a ƙirji, ya jiƙa farar rigar tun daga wuya har aljihu.

Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon rigarsa. Farfesa ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Auta ta zagayo da gudu, ta durƙusa a ƙofar fasinja ta leƙa. A jikin ƙarfen kujerar, an ɗaure da kusoshi biyu, ga makunnin ƙararrawar gidansu. Farin ya koma ruwan ƙasa, tsakiyarsa ya lotsa ya yi santsi saboda yawan dannawa.

Mama ta ba su labarin tana kallon gilashi, ba ta kalli kowa ba. Shekara goma sha takwas ke nan. Suna dawowa daga wani aikin awo cikin ruwan sama, manyan motoci na watso musu laka, makunnin cikin sandar ya mutu. Waifa na aiki, ruwa babu. Da ƙyar suka iso. Washegari Baba ya kwance ƙararrawar gida da wayarta, ya shiga mota. Da ya ja wayar sai ta gaza, ba ta kai ɓangaren direba ba, iyakarta kujerar fasinja. Ya ɗaure makunnin a nan, ya ce na mako ɗaya ne, zai sayo doguwa.

"Da mako ya cika na tuna masa. Ya ce ai kuwa ya fasa. Ya ce yanzu ya sami dalilin da ba zan ƙara cewa ya tafi shi kaɗai ba."

Tun daga nan ba su taɓa yin maganar ba, in ji ta. Shi yana jan sanda don waifa su tashi, ita tana kallon hannunsa, tana dannawa. Wani lokaci ma kafin ya kai hannu ta san zai kai. In sun yi faɗa a gida suka shiga mota ba mai yi wa wani magana, takan bar shi ya ja sau ɗaya a bushe, don ya san da ita. Sai ya yi gyaran murya, ya sake ja, sannan ta danna. Yawancin faɗansu a nan yake ƙarewa. In kuwa dole ta sa ya fita cikin gari shi kaɗai, da gorar ruwa da tsumma yake tafiya.

Auta na durƙushe, kanta a kan gwiwar mahaifiyarta, tana kuka ba sauti. Shekara da shekaru tana zaune a bayansu tana tafi, ba ta taɓa ganin hannun nan yana sauka ba.

Yaya ya matso, yana riƙe jiƙaƙƙiyar rigarsa nesa da fata. Muryarsa ta canza. Ya ce shi ya ɗauka ganin motar ne yake hana Mama cin abinci.

"Ganinta a lulluɓe ne," in ji Mama. "Na ce ku yi yadda kuka ga dama don na ga kun riga kun gama shawara. Ba wanda ya ce, Mama me kike so."

Farfesa, wanda ya riga ya karɓi allurar yana daidaita ramin feshin, ya yi tambayar da ke cinsa. Ya ce to gwajin fa, ko jami'in zai yarda da makunni a ɓangaren fasinja? Mama ta dube shi, a karon farko wani abu mai kama da murmushi ya taɓa gefen bakinta. Ta ce ita take raka Baba gwajin nan duk shekara. Jami'i yana tsayawa a gaba ya ce a fesa ruwa, ruwa ya fesu. Ba a taɓa tambayarta da yatsan wa ba.

Wayar Yaya ta fara ruri a aljihunsa. Ya zaro, ya goge ruwan da ke fuskarta, ya duba, ya dubi Auta. Dillali ne. Uku da minti goma.

Farfesa ya sunkuyo ta taga, ya yi ƙasa da murya don Auta kaɗai ta ji. Ya ce yanzu da ya gane kan abin, aikin minti goma ne. Akwai ragowar waya a but ɗin motar, zai ƙara tsawonta ya kawo makunnin kusa da sitiyari, yadda za ta iya dannawa da kanta ko ina za ta je, ba sai ta jira kowa ba.

Auta ta miƙe, ta share fuska da bayan hannu. Ta dubi Mama. Mama ta gyara zama a kujerar, ta jawo bel ta ɗaura ba wanda ya ce mata, ƙafafunta marasa takalmi a jere a kan kafet, hannunta na nan a ƙasa inda yake, idonta a kan ƙofar fita.

"Wayar nan ta kai inda za ta kai, ba mai ƙara mata ko taƙi ɗaya," in ji Auta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Farfesa, shiga ciki ka ɗauko wa Mama takalmi da mayafi. Yaya, ka ɗaga ka ce masa kada ya wahalar da motar jansa, sannan ka buɗe mana ƙofa. Ni da Mama za mu je gwaji, kuma daga yau duk inda motar nan za ta, tare za mu."